Ƙwallaye 22: Tarihin Boris ɗin da ke Tsakiyar Keke

A ƙasan kowane keke, daidai inda bututun sirdi ya sauko ya haɗu da wanda ya gangaro daga wuyan keken, akwai wani guntun bututu a kwance, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Ta cikinsa sandar da ke haɗa feda biyu ta ratsa, kuma ta nan duk ƙarfin da mahayi ya taka yake bi kafin ya isa ga kaca. Wannan wuri, wanda za a iya kira cibiyar feda, ido ba ya ganin cikinsa. Galibin masu keke ba sa tunawa da shi sai ranar da ya fara magana: ƙas-ƙas a kowane zagaye, ko ɗan lilo da tafin ƙafa ke ji, ko gurnani irin na dutsen niƙa.

Idan aka kwance cibiyar tsohon keke na gargajiya, abin da za a tarar kaɗan ne: sanda guda, ƙoƙon ƙarfe biyu, zoben kullewa, da ƙwallayen ƙarfe 22, wato 11 a kowane gefe, kowanne kaurinsa rubu'in inci. Sai giris, ko abin da ya saura na giris. Mahayin da ke juya feda sau 60 a minti yana juya sandar nan sau 3,600 a awa guda, kuma gwargwadon nauyin buhun da ya ɗauro a baya, gwargwadon ƙarfin da ƙafarsa ke dannawa a kan ƙwallayen.

Wannan ɗan wuri ya kai shekara 140 a duniya. A kusan shekara 100 na farko, maƙera sun yi ta neman yadda mai keke zai buɗe shi, ya wanke, ya shafa mai, ya daidaita. Daga baya suka koma neman yadda ba za a sake buɗe shi ba har ya mutu. Yadda aka yi wannan juyi, da wanda ya ci ribarsa, da wanda aka bari da biyan kuɗinsa, ya isa a tsaya a duba.

Lokacin da injin ya zama mutum

Gogayya tsohuwar abokiyar gabar duk abin da ke juyawa ce. Tun zamanin Fir'aunoni, Masarawa suna shafa kitsen dabba a sandar keken doki don ta yi sulɓi. Haka nan an daɗe da sanin cewa abin da ke mirginawa ya fi abin da ake ja sauƙin tafiya. Leonardo da Vinci ya zana boris mai ƙwallaye wajen shekarar 1500, kuma a 1794 wani maƙeri mai suna Philip Vaughan, a garin Carmarthen na yankin Wales, ya yi rajistar dabarar sa ƙwallaye a sandar keken doki.

Duk da haka dabarar ta zauna shekaru da dama ba ta yi kasuwa ba. Dalilin a fili yake. Doki ba ya kai ƙara idan kaya ya yi masa nauyi, injin tururi kuwa in ya gaza sai a ƙara masa kwal. Keke ne ya sauya lissafin, domin a kansa mai biyan kuɗi shi ne injin. Duk ƙarfin da gogayya ta cinye, daga cinyarsa aka cire shi, kuma ya sani.

A shekarun 1860 aka fara ƙera keke mai feda a birnin Faris, aikin da sunayen Pierre Michaux da Pierre Lallement suka fi fitowa a cikinsa. A waɗannan kekuna feda a jikin wilin gaba take, sandar kuma tana juyawa cikin rami mai santsi da ake ɗiga wa mai. A watan Agusta na 1869 wani makanike a Faris, Jules Suriray, ya yi rajistar boris mai ƙwallaye don keke. Ranar 7 ga Nuwamba na wannan shekara aka yi tseren keke daga Faris zuwa Rouen, tazarar kilomita 123. James Moore, Baturen Ingila ɗan shekara 20 da ya tashi a Faransa, shi ya zo na ɗaya bayan sama da awa goma a kan hanya, a bisa keke mai boris irin na Suriray.

Sai dai boris ɗin farko yana da aibi biyu. Na ɗaya, da hannu ake gyara ƙwallayen, don haka ba sa zuwa girma ɗaya. Wanda ya fi girma shi ke ɗaukar nauyi shi kaɗai har ya fashe. Na biyu, idan ƙarfe ya ci ya bar sarari, babu yadda za a rufe sararin. A 1877 Joseph Hughes na Birmingham ya yi rajistar boris da ake iya matsewa ko sassautawa, William Bown kuma ya sayar da shi da sunan Aeolus. Daga nan cin ƙarfe ya daina zama hukuncin kisa, ya koma abin da sifana ke gyarawa. A 1883 kuma Friedrich Fischer, makanike a garin Schweinfurt na Jamus, ya ƙera injin da ke goge ƙwallayen ƙarfe masu yawa a lokaci guda har su fito a mulmule, girma ɗaya.

Haihuwar cibiya

Har zuwa wannan lokaci babu abin da ake kira cibiyar feda, tunda feda na jikin wili. Don a ƙara gudu sai aka yi ta ƙara girman wilin gaba, har mahayi ya koma can sama kamar mai hawan raƙumi, kuma ɗan dutse a hanya ya isa ya jefo shi ta ka. Mafita ta zo daga kaca. A 1880 Hans Renold ya fito da ingantacciyar kaca a Manchester, sannan a 1885 John Kemp Starley na Coventry ya fito da keken Rover, mai wili biyu da girmansu ya yi kusa, da kaca mai jan wilin baya. Feda ta bar wilin gaba ta sauko tsakiyar keke, ƙarƙashin mahayi. Dole aka yi mata gidan kanta, wannan gida kuwa shi ne cibiya.

Tsarin da aka zauna a kansa mai sauƙi ne. Sandar tana da kafaɗa mai lanƙwasa a kowane gefe. Ana murɗa ƙoƙo ɗaya a gefen dama, wato gefen kaca, a ɗaure shi tamau a bar shi. Na gefen hagu shi ake murɗawa ciki ko waje har a sami daidai, sannan a kulle shi da zobe. Ƙwallayen suna gudu tsakanin kafaɗar sanda da cikin ƙoƙo. Daidai ɗin nan shi ne dukan sana'ar: in aka matse da yawa, ƙwallaye su ci ƙoƙo, in aka bar sarari, kowane taku ya zama duka a kansu.

Sabon keken ya samu karɓuwa ƙwarai, musamman bayan John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska a 1888. Kowane keke yana buƙatar ƙwallaye a cibiya, da wili biyu, da wuya, da feda, don haka haɓakar kasuwar keke a shekarun 1890 ita ta raini masana'antar boris. A Schweinfurt, Karl Fichtel da Ernst Sachs sun buɗe kamfaninsu a 1895 suna yin boris da cibiyar wilin keke. Da mota da jirgin sama suka zo, sun tarar da ƙwallon a shirye. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi da jirgi a 1903, masu shagon keke ne a Dayton ta Amurka, kuma da kaca suka juya farfelar jirginsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna inda ɗan ƙwallon keke ya kai. Schweinfurt ta zama tushen kaso mai yawa na boris ɗin da jiragen yaƙi da tankokin Jamus ke bukata. Ranar 14 ga Oktoba, 1943, Amurka ta aika jirage 291 su rushe masana'antun garin. Sittin ba su dawo ba, kowanne da mutum goma a ciki. Abin da aka fara gogewa don sauƙaƙa wa cinyar mai keke ya zama abin da ƙasashe ke zubar da jini a kansa.

Mai, giris da ƙura

Masana sun biyo bayan maƙera da bayani. A farkon shekarun 1880 Heinrich Hertz ya lissafa abin da ke faruwa idan ƙwallo ya danna wani ƙarfe: wurin da suke taɓa juna ɗan ɗigo ne, saboda haka matsin da ke kan ɗigon yana da girma ƙwarai ko da nauyin bai taka kara ya karya ba. A farkon shekarun 1900 Richard Stribeck a Jamus ya nuna cewa kaurin shimfiɗar man da ke raba ƙarfe biyu ya dangana da saurin juyawa. Abin da ke gudu da sauri yakan hau kan mai ya yi iyo. Abin da ke tafiya a hankali da nauyi a kansa yakan matse man har ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe. Cibiyar feda tana cikin kashi na biyu. Shimfiɗar man da ke cikinta siririya ce ƙwarai, har ƙwayar yashi guda ta fi ta kauri nesa ba kusa ba.

Ga shi kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen boris tauri. Idan ta shiga, sai ta gauraya da giris su zama abin gugar ƙarfe, kowane taku na ƙara cin ƙoƙo. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Ruwa ma yana da hanyarsa: yakan bi ta bututun sirdi ya gangara ya kwanta a cibiya, tunda ita ce wuri mafi ƙasa a firam. Tsatsa ta kama, ta bar ƙananan ramuka kamar zanzana a hanyar ƙwallaye, kuma ramin da ya fito ba ya komawa.

Maƙeran farko da mai suka yaƙi wannan matsala. Tsofaffin kekunan Ingila da yawa suna da ɗan rami mai murfi a saman cibiya, inda mai keke zai ɗiga mai lokaci zuwa lokaci. Man yakan malalo waje a hankali, ya fito da datti tare da shi. Kamfanin Sunbeam na Wolverhampton ya yi suna tun shekarun 1890 da rufaffen gidan kaca mai ɗan tafkin mai a ƙasansa. Wannan tsari ya ɗauka cewa mai keke yana da gwangwanin mai a gida, kuma ba ya mantuwa.

Giris ya rage dogaro da wannan tunawa. Giris mai ne da aka kama da wani irin sabulun ƙarfe, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Mafi yawansa mai ne, sabulun yana tsare shi a wuri ɗaya yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Bayan haka yakan toshe bakin ƙoƙo ya hana ƙura shiga. Giris mai sinadarin litiyam, wanda Clarence Earle ya yi wa rajista a Amurka a 1942, yana jure zafi da ruwa gwargwado, shi ya sa ya mamaye kasuwa bayan yaƙi. Ramin mai ya ɓace daga cibiya a hankali. Amma giris yana da nasa sharaɗi: dattin da ya shiga ba ya fita da kansa. Sai an kwance, an wanke, an sake.

Haƙoran da suka raba ƙasashe

Mai son kwance cibiya yakan fara karo da tambayar da ta girmi kakansa: ta wane ɓangare za a murɗa? Kowace ƙasa mai ƙera keke ta yanka haƙoran murɗa ƙoƙo yadda ta ga dama. Ingila ta zaɓi faɗin inci 1.37 da haƙori 24 a kowane inci, a cikin bututu mai tsawon milimita 68. Italiya ta zaɓi faɗin milimita 36 da bututu mai milimita 70. Faransa ta zaɓi milimita 35. A ido duk kusan ɗaya suke, amma wanda ya tilasta ƙoƙon wata ƙasa cikin firam ɗin wata ya cinye haƙoran, wani lokaci ya kashe firam ɗin ɗungum.

Akwai kuma bambancin da ya fi wannan. Motsin da ke cikin cibiya yakan so ya juya ƙoƙon dama ta ɓangaren da zai kwance shi, in haƙoransa irin na noti ne na yau da kullum. Maƙeran Ingila sai suka yanka haƙoran gefen dama a juye, ta yadda taka feda ke ƙara ɗaure shi. Don haka a tsarin Ingila ƙoƙon dama yana kwancewa ne idan aka murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya. Italiya da Faransa ba su yi haka ba, kuma an san ƙoƙonsu na dama da kwancewa a hanya in ba a ɗaure shi da ƙarfi sosai ba.

Kamfanin Raleigh na Nottingham, wanda Hausawa suka mayar da sunansa Rali, ya bi tasa hanyar ko a cikin Ingila: haƙori 26 a inci maimakon 24, da bututu mai ɗan ƙarin tsawo. Kamfanin yana yin kusan komai na kekensa da kansa, wanda ya sayi Rali kuwa sai ya nemi kayan Rali. A 1957 Raleigh ya sayi sashen keke na kamfanin BSA na Birmingham, wanda asalinsa maƙerin bindiga ne. Abin mamaki, ma'aunin 24 ɗin nan, wanda har yau ake kira da sunan BSA, shi ya zama na duniya. Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham a 2002, ma'auninsa na 26 kuma ya zama abin da ake nema a tsofaffin kaya.

Ma'aunin Ingila ya yaɗu ne ta hanyar ciniki da mulkin mallaka. Baƙin keken Ingila mai birkin sanda ya shiga Indiya, da gabashin Asiya, da Afirka, har aka kafa masana'antar haɗa Rali a Kano. Da ƙasashen Asiya suka fara nasu, samfurin Ingila suka ɗauka: Flying Pigeon a Tianjin ta ƙasar Sin a 1950, Hero a Ludhiana ta Indiya a 1956, Phoenix a Shanghai. Baƙin keken da manomi ke kai hatsi kasuwa da shi a ƙasar Hausa a yau, ko daga Indiya ya zo ko daga Sin, cikin cibiyarsa tsarin ƙarshen ƙarni na 19 ne: sanda, ƙoƙo biyu, ƙwallaye, da ƙusa mai gefe a fafe da ke riƙe hannun feda.

Wannan ƙusa ta jawo wa boris da yawa ajali. Ana cire ta da guduma, kuma in ba a tokare hannun feda daga ƙasa da wani ƙarfe ba, dukan yakan bi ta sanda ya sauka a kan ƙwallaye, su lotsa ƙoƙo. Tun shekarun 1930 kamfanin Stronglight na Faransa ya kawo sanda mai baki kusurwa huɗu wadda ba ta buƙatar ƙusa, kuma kekunan tsere sun koma kanta, daga baya sauran kekunan Turai da Japan suka bi.

Rufe ƙofa

Daidaita ƙoƙo aiki ne na hannu, hannu kuwa a masana'anta kuɗi ne. Matakin farko na rage wannan kuɗi shi ne jera ƙwallaye cikin ɗan keji na ƙarfe, ta yadda ma'aikaci zai jefa su gaba ɗaya. Kejin yana cin wuri, don haka sau da yawa ƙwallaye tara ke shiga inda 11 suke shiga a sake, kowanne kuma nauyinsa ya ƙaru. Masana'anta ta rage minti, mai keke ya rage watanni.

A 1971 Phil Wood a Kalifoniya ya fara sayar da kayan keke masu rufaffen boris irin na injinan masana'antu, mai roba a baki da giris a ciki tun daga kamfani. A farkon shekarun 1990 Shimano na Japan ya mayar da wannan tunani na kowa: sanda da boris duk a cikin kwanso guda, a murɗa shi cikin firam a wuce. Babu daidaitawa, babu wankewa. In ya mutu a cire a jefar.

Adalci ne a faɗi cewa kwanson nan ya yi aiki. Robarsa tana tsare ruwa da ƙura fiye da tsohon ƙoƙo, yakan yi dubban kilomitoci ba a taɓa shi ba, kuma ya kawar da kuskuren makaniken da bai iya daidaitawa ba. A Turai, Amurka da Japan, inda ladan awa guda na makanike kan fi kuɗin sabon kwanso, lissafin ya fita sarai.

Daga nan gasar rage nauyi da ƙara ƙarfi ta karɓi ragama. Aka ƙara kaurin sanda, wurin ƙwallaye ya matse, suka ƙanƙance, suka riƙa mutuwa da wuri. A farkon shekarun 2000 Shimano ya fitar da boris ɗin waje da bututun don ya sami wuri. Cannondale na Amurka ya kawo tsarin BB30, inda aka bar haƙora gaba ɗaya, ana danna boris cikin firam da matsi. Wasu kamfanoni suka fito da nasu ma'aunin, kowanne da kayan aikinsa. Amma dannawa da matsi tana buƙatar rami mai zagaye daidai, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kuwa ya isa ya sa keke mai tsada ya riƙa ƙara a kowane taku. Ƙorafi ya yi yawa har a 2015 aka fito da ma'aunin T47, wanda ba komai ba ne illa babban bututu mai haƙoran murɗi, kuma manyan kamfanoni da dama sun koma ga haƙora. Bayan shekara fiye da 100, an sake gano dalilin da ya sa mutanen Coventry suka yanka su.

Lissafin da ke juyewa

Lissafin da ya haifi rufaffen kwanso ya ɗauka cewa hannu yana da tsada, kaya kuma suna da arha kuma suna kusa. A Kano, ko Damagaram, ko wata kasuwar ƙauye, abin a juye yake. Hannu yana nan a gindin bishiya, kayan kuwa daga ƙetare suke zuwa da kuɗin waje. Ƙura ma ta fi yawa: hunturu yakan kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, damina kuma ta biyo da laka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun sake duban keke a matsayin abin zuwa aiki da makaranta. Kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai da Japan suna zuwa da cibiya iri-iri, kowace da tarihinta, kuma mai gyaran keke ne ake bari ya warware da sifana da guduma.

A irin wannan wuri tsohon tsari yana da fa'idar da ba a rubuta ta a takardar talla. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. A sauke kaca, a juya feda da hannu a saurara. A kama hannun feda a girgiza shi gefe da gefe. In an ji gurnani, datti ya shiga ko giris ya bushe. In an ji lilo, ƙoƙo ya saki. Gyaran kuwa shi ne wanda aka sani tun zamanin Starley. A cire hannun feda, a kwance zobe da ƙoƙon hagu, a zaro sanda tare da lura da gefen da ya fi tsawo, domin shi ne na kaca. Ƙoƙon dama a bar shi a wurinsa in lafiyarsa ƙalau. A wanke komai da kananzir, a goge da tsumma mai tsabta, a duba hanyar ƙwallaye a cikin haske: siririn layi mai sheƙi alamar lafiya ce, ramuka kuwa alamar a sauya sanda ko ƙoƙo. A sa sababbin ƙwallaye gaba ɗaya daga ƙulli ɗaya, domin haɗa tsoho da sabo yana dawo da matsalar da Fischer ya magance a 1883. A cika ƙoƙo da giris, a dasa 11 a kowane gefe, a murɗa ƙoƙon hagu har lilo ya ɓace amma sanda na juyawa ba tirjiya. Ɗaure zobe yakan ɗan sauya daidaiton, don haka a sake gwadawa bayan an kulle.

Abubuwa biyu sukan ɓata wannan aiki. Ɗaya shi ne baƙin man da aka juye daga inji, wanda ke ɗauke da garin ƙarfe kuma ba ya zama a ƙoƙo. Ɗayan shi ne wanke keke da ruwa mai ƙarfin feshi, wanda ke tura ruwa ta bakin boris, rufaffe ne ko buɗaɗɗe. Keken da ke aiki kullum, in ana buɗe cibiyarsa sau ɗaya a shekara, misali bayan ɗaukewar damina, sandarsa da ƙoƙonsa za su daɗe ƙwarai, abin da za a riƙa saye kuwa ƙwallaye ne da ɗan giris. Wanda aka bari har ya yi gurnani na watanni, sai an sayi duka. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan an san farashin kowannensu.

Wannan ba ya nufin rufaffen kwanso ba shi da wuri a ƙasar ƙura. Mai kyau daga cikinsu yakan daɗe, kuma yana shiga firam mai haƙoran Ingila ba tare da wata wahala ba. Tambayar da ta kamata mai sayen keke ya yi, ko hukumar da ke shirin raba kekuna ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya na karkara, ita ce: ranar da wannan cibiya ta fara ƙara, wa zai iya buɗe ta a garin da keken yake, da wane kayan aiki, kuma ina za a sami abin sauyawa? Keken da amsarsa ke hannun mai gyara na bakin kasuwa zai koma hanya da yamma. Wanda amsarsa ke wata ƙasa zai jingina da bango, tayarsa ta sace, kaji su riƙa kwana a kan sirdinsa.

Joseph Hughes bai ƙirƙiro ƙarfen da ba ya ci ba. Ya yarda cewa ƙarfe zai ci, sai ya bar wa mai keke hanyar rufe sararin da sifana. Shekara kusan 150 bayan haka, duk yaron shagon da ya murɗa ƙoƙon hagu kaɗan, ya girgiza feda, ya sake murɗawa, yana amfani da wannan hanya da aka bar masa.